Mutanen Marafa

Daga Tashar Illela a cikin Sakkwato zuwa gida, mota takan ratsa Kware, ta ratsa Gwadabawa, sannan ta miƙe arewa har bakin iyaka. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina bin hanyar nan, tun da na samu aikin koyarwa a birni. A Gwadabawa direba yakan tsaya ya sauke buhu ko ya cike gurbin wanda ya sauka, 'yan talla su yanyame tagogi da ƙosai da rake da ruwan leda. Ban taɓa sauka ba. Tarihi nake koyarwa, sunan garin yana fitowa a darasina kowace shekara, amma a wurina Gwadabawa alama ce kawai ta cewa an ci rabin hanya.

Abin da ya sauke ni ya faru ne wata Lahadi a kakar 2023.

Lokacin iyaka tana rufe. Sojoji sun yi juyin mulki a Yamai a ƙarshen watan Yuli, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka datse hanyar Ƙwanni. Wanda bai san Illela ba zai ɗauka wannan labarin rediyo ne. Mu da iyaka muke ci, da ita muke sha. 'Yan kabu-kabu sun jingine babura a gindin itace, manyan motoci sun yi layi direbobinsu suna kwana a ƙarƙashinsu, kara da ta saba cika ranar Lahadi da shanu da raƙuman Nijar har ƙura ta tare rana, ga ta nan wayam kamar an share. A cikin karar nan na tarar da Yayana riƙe da igiyar shanun huɗarsa guda biyu.

Shi ba a Illela yake zaune ba. Yana ƙauyenmu na asali, can gabas, inda gonakin gado suke, tare da Inna da iyalinsa.

Na ce, "Yaya, shanun huɗa? Da mi za ka noma baɗi?"

Bai dube ni ba. "In mun kai baɗi mu gani."

"Mi yaf faru?"

"An aza muna kuɗɗi. Sun aiko, in ba a kai ba, ba mai yanke gero."

Ba sai ya faɗi su wa ba. Mutanen daji sun yanka wa garin haraji, dattawa sun raba shi gida-gida, rabonmu ya fi ƙarfin abin da ke cikin rumbu.

Na ce, "Ku taso, Yaya. Ku ɗauko Inna ku bar masu garin. Kuɗɗin ga harsashe za su saye da su, su harbe wani."

"Mu taso mu tai ina? Ƙwanni an rufe. Kai ɗaki biyu gare ka Sakkwato."

"Ko ina. Wagga mubaya'a ta. Kun yi ma ɓarayi mubaya'a."

Kalmar ta fita kafin in kama ta, a gaban dillali, ƙane yana gaya wa wansa. Yaya ya naɗe igiyar a hannu a hankali, sannan ya ɗago.

"Malam, kai da kat tashi, geron wa kaka ci?"

Ba ya ce mini Malam sai ransa ya ɓaci. Ban amsa ba, domin duk kaka buhu biyu ke iso mini tasha da sunana a jiki. Ya juya ga dillali, ya ƙara da magana ɗaya, kamar ba da ni yake ba: "Mu mutanen Marafa na. Ba mu iya hijira ba."

Maganar ba tasa ba ce. Ta Baba Tsoho ce, kakanmu, wanda ya rasu ina aji uku na sakandare. Da ita yake rufe kowace gardama, ko ta fari ce, ko ta haraji, ko ta wani saurayi da ya ce zai tafi ci-rani ba zai dawo ba. A faɗarsa, kakansa ya fito daga ƙasar Adar a wata shekarar yunwa, da jaki ɗaya da mace ɗaya da hauya a kafaɗa. Ya faɗi gaban Marafa, Marafa ya nuna masa daji ya ce ya sare ya noma, da sharaɗi ɗaya: ranar da aka buga tambari ya amsa. Baba Tsoho yakan ce kakan nasa ya amsa, ya bi Marafa yaƙi har Giginya. In ya zo nan sai kakarmu ta leƙo daga madafa ta ce, "Wane yaƙi? Ciyawa shika yanka ma dawaki." Mu yi ta dariya, shi kuwa ya ce doki da yunwa ba ya sukuwa, saboda haka mai ciyawa shi ne rabin runduna.

Marafan da suke nufi shi ne Muhammadu Maiturare, ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, jikan Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu. Laƙabin bai yi kama da na mayaƙi ba, amma a ƙarshen zamanin daular Sakkwato ba ta da sarkin yaƙin da ya kai shi a wannan shiyya. Tun zamanin Muhammadu Bello dabarar tsaron daula ita ce ribaɗi: a kafa gari mai ganuwa a bakin daga, a zuba mutane, su yi noma su yi gadi. Mahaifinsa a Cimmola ya yi nasa zaman ribaɗin. Maiturare ya taso daga can ya kafa Gwadabawa a farkon shekarun 1880, ya zama shi ne ƙofar arewa. Maƙwabtan kuwa ba na barci ba ne. Ta yamma ga Kabawan Argungu a ƙarƙashin Sama'ila, waɗanda rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman kanta ta je ta dawo ba ta ci su ba. Ta gabas ga Gobirawa da ba su manta da Alkalawa ba. Ta arewa ga Buzaye, yau abokan ciniki, gobe maharan garke.

Ya yi hawa, ya kai hari, ya tare hari. Amma abin da ya bari a ƙasa ba filin daga ba ne, garuruwa ne. Ya gane cewa dajin da babu kowa ba ya tsaruwa, komai yawan dawakinka. Sai ya buɗe ƙofa ga duk wanda fari ko yaƙi ya koro daga Adar da Azbin, ya ba shi ƙasa. Kowane sabon ƙauye ido ne da kunne, kowane rumbu guzurin runduna ne. Ƙasar da Illela take a yau a ƙarƙashin Gwadabawa ta daɗe, kafin a yanke mana ƙaramar hukumarmu. In ka bi gidajen yankin nan kana tambayar asali, za ka gaji da jin "daga Adar munka zo." Rabin yaƙin mutumin nan da hauyar wasu ya yi shi, kuma ɗaya daga cikin hauyoyin tamu ce.

Duk da haka, da na girma na shiga karatu, kunyar Marafa na riƙa ji.

Dalili shi ne ɗan'uwansa. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya, ubansu ɗaya da Maiturare, ya hau gado a ƙarshen 1902, watanni kaɗan kafin Turawa su iso. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903. Ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato. (Na taɓa lissafawa, ranar Lahadi ce, ranar kasuwarmu.) Sojojin Kanar Morland ba su kai dubu ba, amma suna da igwa da bindigar Maxim mai zubo harsashi kamar ruwan ƙanƙara. Cikin safiya ɗaya aka gama. Masu riƙe da tutar Shehu suka tsaya a gindinta, ɗaya ya faɗi wani ya ɗauka, har suka ƙare. Attahiru ya ƙi zama a ƙarƙashin Nasara, ya nufi gabas da niyyar hijira, mutane suka riƙa barin gonaki da garuruwa suna bin sa, har abin ya tsorata Turawa fiye da yaƙin kansa. Suka bi shi har Burmi, a ƙasar Gombe ta yau, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har gobe.

Wannan labari ba ya buƙatar gwanin malami. Duk shekara in na zo Burmi, aji yakan yi tsit, har yaran bayan aji masu taɓa waya a ƙarƙashin tebur sukan ɗago kai. A Sakkwato sunan Giginya yana kan barikin soja, yana kan filin wasa. Shi kuwa Marafa, wanda ya ja ɓangare guda na rundunar a ranar, ya tsira, ya koma Gwadabawa, ya sasanta da sababbin masu ƙasa, layi biyu nake ba shi in wuce. Wata shekara wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to waɗanda ba su bi Sarkin Musulmi ba fa, su mene ne?" Na ce mata tambaya ce mai kyau, za mu dawo kanta. Ba mu dawo ba. Da na amsa da gaskiya, da sai in ce mata su ne kakannina da nata, tunda ga mu zaune a aji a Sakkwato, ba a Sudan ba.

Daren da muka yi sa-in-sa da Yaya ban yi barci ba. Na kwana a gidan wani aboki a Illela, ina jin karnuka da ƙarar babura masu bin ɓarauniyar hanya zuwa Ƙwanni ba fitila. Nan ne Ƙwanni ta faɗo mini a rai ta wata fuskar.

Daga Illela zuwa Birnin Ƙwanni tafiyar 'yan mintoci ce a kabu-kabu. Can muke da gwaggo, can ake kai amare, can ake kawo su. A watan Mayu 1899 ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine, bayan sun yi artabu da Sarauniya Mangu a Lugu, suka faɗa wa Ƙwanni. Suka ƙone garin, suka karkashe mutane ba adadi, suka tasa mata a gaba kamar garke. Ƙwanni tana bin Sakkwato a lokacin, kuma a ƙofar Marafa take. Waɗanda suka tsira kudu suka gudo, cikin ƙauyukansa. Ke nan shekara huɗu kafin Giginya, Maiturare ya riga ya san abin da bindigar Bature take yi wa ganuwar ƙasa da mutumin da ke bayanta. Malaman birni a takarda suke jin labarin Nasara. Shi a bakin marayu ya ji.

Da wannan sanin ya rubuta wasiƙar da ta fi komai dame ni a tarihinsa. Bayan Turawa sun shiga Sakkwato sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, wani jami'insu, H. F. Backwell, ya fassara su aka buga a 1927. A cikinsu akwai ta Marafa zuwa ga Sarkin Musulmi Attahiru, a kwanakin da fada ta rabu uku: masu cewa a yi yaƙi, masu cewa a nemi sulhu, masu cewa a yi hijira. Marafa ya ba da labarin 'yan leƙen asirin da ya aika, sannan ya roƙi ɗan'uwansa don Allah kada a ji maganar tashi daga bakinsa, domin in talakawa suka ji, za su warware biyayya, al'amari ya lalace tun kafin abokin gaba ya iso. Ya ce a zauna a ga abin da Allah zai yi, in tashin ya zama dole a tashi.

Karon farko da na karanta ta a jami'a, tsoro na gani. Karo na biyu, son mulki na gani, kuma har yanzu ina ganinsa, don ba a ɓoye yake ba: basarake ne yake tsoron kada talaka ya zame masa. Amma a daren nan na Illela sai na karanta ta da idon mai ciyawar dawaki. Mutum ya baro Adar da jaki ɗaya, ya sare daji, ya haƙa rijiya, ya binne 'ya'ya biyu ko uku a wurin, ya fara cin gero mai auki. Sai a ce masa wanda ya kira shi ya ba shi ƙasar ya naɗe kaya ya yi gabas. Sarki yana da raƙuman da za su kai shi Makka. Shi ina za shi? Adar da ya baro tana hannun Faransa. Wanda ya tara mutane a bakin daji da alkawarin zai tsaya musu, tashinsa ba irin tashin kowa ba ne. Kuma ban manta ba, wanda ya rubuta wasiƙar nan bai ɓuya a Gwadabawa ba. Da ranar ta zo ya hau doki ya tsaya a gaban igwar da ya fi kowa sanin aikinta.

Ba shi kaɗai ya zauna ba. Waziri Buhari ma ya fita da jama'a bayan yaƙin, ya dawo, ya nemi fatawar malamai, ya rubuta risala yana bayyana dalilinsa: a yi hulɗa da masu rinjaye a zahiri matuƙar ba su hana salla da azumi ba, don kada a bar Musulmi ba jagora. Wanda ya karanta risalar zai ji mutum ne da zuciyarsa ba ta kwanta ba. Lugga ya naɗa Attahiru na biyu ranar 21 ga Maris, ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba. Marafa ya ci gaba da riƙe ƙasarsa, sai dai ƙasar ce ta ƙanƙance a hannunsa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana wa Sakkwato da'ira mai nisan mil 100, Ƙwanni tana ciki. Faransawa suka koka cewa an bar su da hamada ba rijiya a hanyarsu ta zuwa Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, sannan Tilho da O'Shee suka bi daji suna kafa turaku. Ƙwanni ta faɗa wancan gefe. Sarkin yaƙin da aka ɗora wa tsaron arewa yana zaune aka yanke arewar da alƙalami a wani birnin da bai taɓa gani ba. Abin dariya, wannan yankan shi ne ya zama abincinmu: ɗan kwastan, ɗan canji, ɗan dako, mai shayin bakin shinge, duk a kan layin nan suke ci. In aka rufe shi kuma, ga Yayana ba inda zai gudu.

Da a nan labarin ya tsaya, da na koma kara da safe na ba Yaya haƙuri na ce shi ke da gaskiya. Amma akwai Satiru.

Satiru ƙauye ne kudu da Sakkwato, tafiyar yini ba ta kai ba. Talakawa ne da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, suka taru a kan kiran Mahadi, a ƙarƙashin Malam Isa da wani mai wa'azi da ake kira Ɗan Makaho, wanda ya tsero daga hannun Faransawa. Sun ƙi haraji, na Bature da na sarki. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 aka tura musu soja a kan dawaki, suka tarbe su da gatura da fartanya da baka, suka kashe Turawa uku da sojoji 25, suka ƙwace Maxim. Abin da rundunar daula ta kasa a Giginya, manoma suka yi shi da kayan gona. Kwanaki Turawan Sakkwato ba su da ƙarfin kare kansu. Da sarakuna sun juya a makon nan, da wani tarihin muke koyarwa. Ba su juya ba. Sarkin Musulmi ya tsaya bayan Razdan Burdon, Marafa ya zo da mahayansa daga Gwadabawa ya tsaya tare da su. Ranar 10 ga Maris soja suka iso daga kudu, aka kashe mutum wajen 2,000, aka bi masu gudu cikin daji, aka rarraba mata da yara, aka baje garin, aka la'anci duk wanda zai sake gini a wurin.

Ina iya kawo uzuri. Sarakunan Sakkwato ba su yarda da da'awar Mahadin ba tun kafin zuwan Bature, kuma suna ganin in abin ya bazu, abin da ya sami Ƙwanni shi zai sami kowa. Amma uzurin ba ya shige mini. Shekara uku kacal tsakani: takobin da aka zare wa Nasara a Giginya shi aka zare don Nasara a Satiru, a kan mutane masu kama da kakan Baba Tsoho ƙafa da kai. Baba Tsoho bai taɓa ambaton Satiru ba, ni kuma ban ji sunan ba sai bayan ya rasu. Nakan tambayi kaina, in mai ciyawa ya bi dawaki zuwa Giginya, wa ya yanka musu ciyawa a 1906?

Da Attahiru na biyu ya rasu a 1915, Maiturare ya zama Sarkin Musulmi, ya yi shekara tara, ya rasu a 1924. Ɗansa Muhammadu Tambari ya gaje shi, zaman bai yi daɗi ba, a 1931 ya bar gadon ya ƙetara ƙasar Faransa. Ɗan wanda ya ƙi tashi, shi ya tashi.

Na san kwatancin bai zauna daidai ba. Yaya ba shi da doki, ba gadon sarauta ke jiran sa ba, kuma mutanen daji ba hukuma ba ne, ba su yi alkawarin komai ba balle su cika. Amma abu ɗaya na gane daga rayuwar Marafa wanda ban gane ba a kara: kuskurena ba shi ne na ga haɗari a biyan kuɗin ba, kuskurena shi ne na ɗauka tashi kyauta ne, kuma na faɗi haka da cikina cike da geron wanda ya zauna. Haɗarin kuwa yana nan, sai dai ba inda na nuna ba. Ba ranar da ka biya ake gane kai wane ne ba. Ranar da suka dawo suka ce ba kuɗi suke so ba, a sayo musu mai, a faɗa musu wane ne ya sayar da shanu a ƙauyen gaba, a ba su yaro ya nuna hanya.

Da safe na same shi a bakin tasha yana ɗaure buhun gishiri a bayan babur. Shanun sun tafi. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda ban yi ba jiya, na ce ya yi mini aikin gafara. Ya ce ba komai, amma bai ce in tashi ba sai da ya gama ɗaurin. Na ba shi labarin Satiru a tsaye, a gaggauce, ba yadda nake bayarwa a aji ba. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "An riga an tambaye mu mai."

"Kunka ce mi?"

"Munka ce babu. Wanga karo sun yarda."

"In ba su yarda ba fa?"

Ya buga babur, bai tashi ba, ya sake bugawa. "Rannan ka gyara muna ɗakin ga naka guda. Inna da yara. Ni in ga abin da ya samu."

A hanyar komawa, da direba ya tsaya a Gwadabawa, na ce ya sauke mini jakata. Ya ce kuɗina har Sakkwato ne, na ce na sani. Na yi yawo cikin gari wajen awa biyu ba tare da na san abin da nake nema ba. Gari ne kamar kowane: masu faci, masu cajin waya, buhunan albasa jibge a bakin titi, almajirai a inuwar masallaci. Na tsaya daga nesa na dubi ƙofar gidan sarauta. Wani dattijo mai sayar da goro ya ga ina waige-waige ya ce baƙo daga ina, na ce daga Illela. Ya ce, "A'a, kai ba baƙo ba na." Na sayi goro na ɗari biyu wanda ba na ci, na koma bakin titi na jira wata motar.

An buɗe iyaka a watan Maris 2024. Kafin damina na haɗa abin da na iya, na ranci sauran, na aika wa Yaya ya sayi sa ɗaya, ya haɗa da na maƙwabci suna huɗa bi da bi. Ɗakin na gyara shi, na fitar da littattafai na sa tabarma biyu da katifa. Matata ta tambaye ni baƙi za mu yi, na ce wataƙila. Har yau littattafan suna cikin kwali a baranda.

Bana ma da kaka yaron mota ya kira ni daga Tashar Illela, ya ce ina da saƙo. Buhu ɗaya ne maimakon biyu, an rubuta sunana da gawayi, da hannun Yaya. Na kira shi in ce ya iso, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na tsaya a tashar da buhun a gabana, mai baro yana jira, na sake kira. A karo na huɗu ɗansa ya ɗauka, ya ce Baba yana gona, ya bar wayar a gida tana caji.